Farin Dutsen Ruari

Saura kaɗan in fasa rubuta muku wannan. Na buɗe wayar na rufe, na sake buɗewa, na ajiye ta a kan gado na tafi na wanke kwanonin da na riga na wanke. Masu tura mini saƙo suna tambaya ko Gregor ya zo cin abincin Lahadi a gidanmu kamar yadda muka shirya, ku yi haƙuri. Ya zo, amma ba irin zuwan da na yi ta roƙon Allah ba. Kun san ban yi nisa a makaranta ba, ban iya tsara magana ba, don haka yadda abin ya faru kawai zan faɗa.

Saboda waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Ishbel. Ina zaune da Mama da Baba a gidan ƙarshe na kwarinmu, inda kwalta ta ƙare, daga nan sai tumaki da tsauni. Tun watan Afrilu masu fim suka sauka a wajenmu. Fim suke yi a kan yaƙin Culloden, ranar da kakanninmu masu tawaye suka tsaya a gaban sojojin sarki masu jar riga, aka karkashe su kafin a cika awa guda.

Ni ma sun ba ni aiki a rumfar kayan da 'yan wasa ke sawa. Ba ɗinki nake yi ba, ɓatawa nake yi. Za a kawo mini sabon mayafin ulu, irin babban nan da mazan zamanin da suke naɗawa a jiki, in goga shi da dutse, in jiƙa shi da ruwan shayi, in shafa masa taɓo da kitsen rago har ya koma kamar wani ya shekara yana kwana a ciki. Baba ya ce, "Uwarki ta sha wahalar koya miki wanki, ga shi yanzu datti ake biyan ki ki yi."

Daraktar fim ɗin wata 'yar gajeriyar mata ce mai furfura, kullum cikin jar hular sanyi. Ta ce ita ta gaji da finafinan da ake nuna mutanenmu da fararen haƙora, suna kan doki suna zuba jawabi. Ta ce waɗanda suka je Culloden da yunwa suka je, ba su yi barci ba, ƙanƙara na dukan fuskarsu. Saboda haka ranar ɗauka biskit ɗaya busasshe ake ba kowane ɗan wasa, a baƙanta masa haƙora, a karɓe waya da agogo a zuba a akwati. Sai sun fara rawar sanyi na gaske take cewa a kunna kyamara.

A nan na haɗu da Gregor. Ɗan birni ne, daga Dundee, dogo, kunnuwansa na yin ja idan ya ji kunya, kamar ni. Ba babban ɗan wasa ba ne. Cikin taro ake saka shi, a harbe shi, a canza masa gemu, a sake harbe shi. Shi ya sa Baba ba ya kiran sunansa.

"Ina mamacin naki? Yau sau nawa ya mutu?"

"Baba, don Allah."

"Tambaya na yi. Mutumin da sana'arsa kwanciya a taɓo, da me zai riƙe ki? Ya san gaban tunkiya da bayanta kuwa?"

Amma ba ya irin wannan wasan sai Mama ba ta kusa. A gidanmu ba a ambaton mutuwa a gabanta. Da ƙyar, bayan na yi ta bin sa da shayi da lallashi, ya yarda Gregor ya zo ranar Lahadi.

Yanzu sai in gaya muku maganar tulin.

A kan tudun bayan gidanmu akwai tsohon tulin duwatsu, duk gansakuka ta rufe shi. A zamanin da, idan mazan kwarin za su tafi yaƙi, kowa zai ɗauko dutse ɗaya ya ɗora. Wanda ya dawo sai ya ɗauke nasa. Abin da ya rage, shi ne waɗanda ba su dawo ba. Ba mai taɓa su har abada.

An daɗe da daina wannan. Yayana Ruari ne ya farfaɗo da shi, shi ma da wasa. Da ya fara aiki a jirgin kamun kifi, sai ya samo wani farin dutse a rafi, kamar ƙwan agwagwa, da wata jijiya ruwan ƙasa ta ratsa tsakiyarsa. Duk tafiya sai ya hau ya ɗora shi a saman tulin. Idan ya dawo, ba ya shigowa gida sai ya bi ta tudun ya ɗauko. Ba ya sallama. Sai dai mu ji ƙwas! a kan teburin kicin, sannan muryarsa: "Mama, akwai abinci ko in koma teku?"

Shekara uku ke nan da jirginsu ya nitse. Ba a ga gawar kowa ba. An yi masa addu'a a coci, Mama ba ta je ba. Ta sa baƙar rigar sanyi, ta daina waƙa, kullum da yamma ta ɗauki sanda ta hau tudun ta duba dutsen, ta sauko. Baba kuwa ko sau ɗaya bai ƙara hawa ba. Idan tumaki suka bi ta can, kare yake turawa.

Ni na ba Gregor labarin al'adar, wata rana muna shan shayi a bayan rumfa. Ya san na rasa yayana a teku. Amma maganar farin dutsen ban gaya masa ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na fasa, na ce a raina wata rana. Shi kuma daɗin labarin ya sa ya kai wa Darakta. Kwana biyu sai ga ta a ƙofarmu da jar hularta, tana roƙon Baba a ɗauki wani sashe a kan tudun.

Ya ce, "Ku ɗebo naku duwatsun daga rafi, ku tara naku tulin a gefe. Tsohon kada wanda ya taɓa." Bai faɗi dalili ba. Ta ce ta yi alkawari.

Ranar Juma'a aka yi. Da safe Gregor ya shigo rumfa yana dariya, haƙoransa baƙi ƙirin.

"Ishbel! Albishirinki. Yau ba zan mutu ba!"

"Kai haba."

"Da gaske. Ina cikin waɗanda suka dawo. Ki gaya wa Babanki an yi mini ƙarin girma."

Ni na naɗa masa mayafin da hannuna, na ɗaura masa jakar fata a gaba, na shafa masa jinin ƙarya a wuya.

Da farko aka ɗauki tafiyar: maza da yawa, kowa ya ɗora dutsensa. Bayan azahar aka zo dawowar. Su kaɗan ne, suna jan ƙafa, ba takalmi. Jama'a, na san taɓon nan ni na shafa, na san jinin nan a kwalba yake zuwa, amma da na gan su suna hawowa cikin hazo sai da tsigar jikina ta tashi. Wata tsohuwa 'yar kwarinmu da ta zo kallo ta rufe bakinta da gyale.

Gregor ne na ƙarshe. Sai na ga Darakta ta kalli sabon tulin, ta kalli tsohon, ta yamutsa fuska. Duwatsun rafi sun yi tsabta da yawa. Na ji ta da kunnena tana ce masa, "Wuce can, ka ɗauka daga tsohon, ya fi kama da gaske. Ɗaya ne kawai, za mu mayar." Sannan aka yi ihu, "A yi shiru!"

Ina tsaye a bayan kyamara da bokitin taɓo. Tsakanina da shi bai fi faɗin ɗaki ba. Na ga ya durƙusa, ya miƙa hannu, yatsunsa na lalube. Duk duwatsun baƙaƙe ne, guda ɗaya ne fari, a sama. Kowa ma shi zai ɗauka.

Na buɗe baki. Mutane sun fi hamsin a wurin, duk sun yi tsit. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Na ce Gregor, amma a cikina na faɗa. Ya ɗauki dutsen, ya manna shi a goshinsa, ya jefa a jakar fatar, ya juya ya shige cikin hazo.

Darakta ta share ido ta ce, "Shi ke nan. Ba sai an sake ba."

Kafin in ajiye bokitin an fara kora su cikin bas, wai za a kai su wani fili mai nisa inda ake ɗaukar yaƙin kansa, kada haske ya tafi. Na bi wani mai riƙe da rediyon hannu ina cewa, "Dutsen, don Allah, dutsen." Ya ce, "Gobe, 'yar uwa, gobe," bai ko kalle ni ba. Bas ta tashi.

Na tura saƙo: "Gregor dutsen da ka ɗauka kada ka yar. Ka kira ni." Na sake turawa: "Na Ruari ne." Ba su shiga ba. Wayarsa na cikin akwati.

Sai na yi wauta. Maimakon in ruga gida in tare Mama, na gangara rafi neman wani farin dutse. Na shiga ruwa har gwiwa da takalmina. Farare suna da yawa, amma babu mai jijiyar nan. Ina can ina tono, Mama ta bi ta ɗaya hanyar ta hau tudun.

Tun daga shinge na ji waƙa.

Na tsaya a ƙofar kicin, ruwa na ɗiga daga siket ɗina. Mama ta cire baƙar rigar. Ta sa shuɗiyar nan mai maɓallan azurfa da take sawa ranar biki, har da ɗan jan baki. Babbar tukunya na kan wuta, ƙamshin romon rago da sha'ir ya cika gidan.

"Ishbel! Ke kuma ina kika shiga haka? Maza canza kaya. Ki hau ki buɗe tagar ɗakin yayanki, ki sa sabon zanen gado."

"Mama..."

"Ya ɗauke dutsensa." Ta kama fuskata da hannu biyu, hannunta duk gari. "Babu shi a kan tulin. Na duba ƙasa, na duba cikin ciyawa. Ya ɗauke. Kin san halinsa, yana can ya tsaya surutu a gidan wani. Ko kunya yake ji, shekara uku ko waya. Zan ja masa kunne, amma sai ya ci abinci tukuna."

Baba na zaune a kujerarsa, hularsa a gwiwa. Ya ɗago ya kalle ni. Kallo ɗaya, na san ya gane komai. Na jira ya yi magana. Ya kalli Mama tana juya miya tana kaɗa kai, ya sunkuyar da kai. Aka jera kwano huɗu. Muka ci, na huɗun ya huce, ta mayar tukunya ta ce gobe zai fi daɗi.

Ranar Asabar ta gasa burodi tun da safe, ta goge takalman Ruari na coci, ta ja kujera gaban taga. Duk motar da ta wuce can ƙasa sai ta miƙe. Har karensa, Moss, ta yi wa wanka.

Baba ya same ni a garken tumaki.

"Waye?"

Na ci gaba da zuba wa tumaki ciyawa.

"Ishbel, ba na son in tambaya sau biyu."

"Bai sani ba, Baba. Ce masa aka yi ya ɗauka. Ni ce ban gaya masa ba. Ina wurin, na gani, na kasa magana."

"Mamacin naki." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Mutum ya zo daga birni, ya shafa jinin kwalba, ya ɗauki dutsen ɗana don a tafa masa. Ki saurare ni. Ki karɓo shi, ki mayar ba tare da ta gani ba. Zan ce tunkiya ce ta ture shi na tsinta. Shi kuma kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙasata. Ko ke ki bi shi, ko ki zauna da uwarki. Ba duka biyu ba."

Bayan azahar wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙonni suka shigo a jere.

"Yanzu aka ba mu waya, a filin muka kwana ana ɗauka."

"Ishbel."

"Wayyo Allah. Yana jakata. Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Ina zuwa yanzu."

Na rubuta, "Kada ka zo." Na goge. Na rubuta, "Ka tsaya a shinge, kada ka ƙaraso ta gaban taga."

Rana na shirin faɗuwa ya iso a wata tsohuwar mota ta aro. Ko wanka bai yi ba, ya dai ɗora jaket a kan kayan wasan, busasshen jinin yana wuyansa. Ya miƙo mini dutsen da hannu biyu, a naɗe cikin hankici. Kunnuwansa sun yi jajir.

"Bari in shiga in gaya mata da bakina."

"Ka gaya mata me?" Baba ne, ya fito daga bayan garke. "Ka ce yi haƙuri, wasa muke yi?"

"Yallaɓai, laifina ne."

"Na sani. Ku kuna neman abin da ya yi kama da gaske. To ga gasken can a bakin taga, ta sa shuɗiyar riga. Ka kira mai jar hula ta zo ta ɗauka."

Hawaye kawai ke bin taɓon fuskar Gregor. Baba ya ja ƙofar shingen ya rufe a tsakaninsu. Gregor ya kalle ni ya ce a hankali, "Ina nan a mota. Ba inda za ni sai kin ce in tafi."

Na saka dutsen a aljihun rigar sanyina. 'Yan uwa, ƙaramin dutse ne, amma da ƙyar na iya taka matakala. Na yi ta juya abin. Idan na mayar a ɓoye, Mama za ta hau ta gan shi, ta ce Ruari ya zo har bayan gida ya koma bai gaishe ta ba. Maganar tunkiya ba za ta shige ta ba, ta riga ta duba ko'ina. Idan na ɓoye shi, za ta zauna a tagar nan har ƙarshen ranta. Idan kuma na faɗi gaskiya, ni ce zan cire mata shuɗiyar rigar da hannuna, kuma sunan Gregor ne zai zauna a bakinta a matsayin wanda ya yi mata haka.

Washegari, Lahadi, na riga kowa tashi. Na leƙa, motar na nan a bakin shinge, gilashinta ya yi raɓa. Na dafa shayi, na zuba wa Mama a kofinta mai hoton tsuntsu. Na same ta a kujerar taga, da alama a nan ta kwana, bargo a kafaɗa. Na ajiye kofin. Na san idan na tsaya neman kalmomi ba zan samu ba. Na durƙusa, na buɗe tafin hannunta, na sa dutsen a ciki.

Ta daɗe tana kallon sa. Ta bi jijiyar da babban yatsa, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Da ɗumi," in ji ta.

"A aljihuna ya kwana, Mama."

"Wa ya ɗauke?"

"Gregor. A cikin fim. Bai san na waye ba. Ina tsaye na kasa hana shi."

Na jira kuka, ko mari. Sai ta ɗora ɗaya hannun a kaina.

"Na ga sawun takalman masu fim a tudun, Ishbel. Tun ranar Juma'a na gani. Ni ba mahaukaciya ba ce." Muryarta ta karye. "Kawai da na ga wurin babu komai, sai na ce bari in ɗan zama uwar yaron da ke kan hanya. Ko na kwana biyu ne. Na manta yadda daɗinsa yake."

Nan muka yi kukan da ba mu yi ba shekara uku. Ban san lokacin da Baba ya sauko ba, sai ganin sa na yi a bakin ƙofa da safa a ƙafa, ya riƙe ƙyaure.

Mama ta share fuska da gefen bargo, ta kalli Baba. Ta ce, "Dole ya koma wurinsa. Ni hannuna ba zai iya ɗora shi ba. Kai ma, Murdo, ba za ka iya ba, kada ka yi mini ƙarya. Wanda ya ɗauke shi ne zai mayar, mu kuma mu tsaya a bayansa, mu duka. Yaron ne a motar can?"

"Na ce ba zai taka ƙasata ba," in ji Baba.

Mama ta juyo. Ni ta kalla.

Na miƙe. Baba bai matsa daga ƙofar ba, sai da na raɓa ta gefensa, kafaɗata ta gogi tasa. Na fita tsakar gida da silifas, ciyawa ta jiƙa mini ƙafa. Daga nan zuwa shinge da nisa, ga iska. Zan iya tura saƙo, wayar na hannuna. Na mayar da ita aljihu.

Na cika ƙirjina da iska, a gaban Baba, na ƙwala kiran sunansa da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Tumaki suka watse, Moss ya hau haushi, tsauni ya maido mini da muryata.

Ƙofar motar ta buɗe.